Daga «ana harka» zuwa «ni ne»: tarihin magana a kan masu neman maza da mata, daga iyakar Ɗan Isa

Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta samo asali ne daga wata matsalar fassara. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ƙaddamar da kundin da ake kira Charte de la Refondation. Kundin ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A cikin wannan kundi ɗaya kuma aka haramta wasu ɗabi'u na jima'i, aka jero su da sunayensu na Turai, har da abin da Bafaranshe ke kira bisexuel. To, duk wanda aka ɗora wa nauyin mayar da wannan sashe cikin harshen ƙasa zai tarar cewa Hausa ba ta da suna guda da za ta ba shi. Tana da luwaɗi, tana da maɗigo, tana da daudu. Amma mutumin da ke neman maza yana kuma neman mata, sai dai a gina masa jimla.

Rashin kalma ba rashin abu ba ne, wannan kowane ɗalibin ilimin harshe ya sani. Abin da nake so in bi diddiginsa shi ne dalilin da ya sa Hausa ba ta buƙaci wannan suna ba, da kuma abin da ya sami wannan tsari lokacin da talabijin ta zo da shirye-shiryen da Faransawa ke kira téléréalité, waɗanda zan kira a nan shirin rayuwa-a-faifai. Na zaɓi in tsaya a Ɗan Isa, cikin gundumar Madarunfa, domin a nan ne harshe ɗaya ke zaune ƙarƙashin dokoki biyu, kuma mai mota na iya fita daga wannan doka ya shiga waccan kafin shayinsa ya huce.

1. Hanya da tasha

Ɗan Isa na bisa hanyar da ta haɗa Maraɗi da Katsina, daura da Jibiya. Mutanen gefen nan da na gefen can dangin juna ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa, kuma zuriyarsu ce ta kafa sarautar Maraɗi a zamanin Ɗan Kasawa, wajejen 1819. Layin da ya raba su yau aikin Turawa ne: yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee da ya bi ƙasa yana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908.

Wannan tarihi ya shafi batunmu kai tsaye. A Maraɗi bori bai zama abin ɓoyo ba kamar yadda ya zama a ƙasashen da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato. Yana da kujera a fada: Iya, ƴar sarauta, ita ce shugabar ƴan bori, ita ce kuma ke kula da al'amuran mata masu zaman kansu. Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas sun yi dogon bayani a kan haka, Barbara Cooper ma ta koma kansa a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi. A cikin wannan duniya ta bori da gidajen mata ne ƴan daudu suka sami wurin zama, kuma manazarta da dama na danganta sunan nasu da Ɗan Galadima, iskan nan mai ado da kyauta. A Katsina, Renée Pittin, wadda ta yi bincike a farkon shekarun 1970, ta tarar da su cikin gidajen mata suna dafa abincin sayarwa, suna shiga tsakanin matan da baƙinsu.

Duk wanda ya bi hanyar nan yana yaro ya san hoton. Ni kaina na ci shinkafa da soyayyar kaza a rumfunansu na tasha ba sau ɗaya ba, ina biye da baffana. Ya kan biya, su yi ba'a, a yi dariya, mu shiga mota. Ban taɓa jin ya ce komi a kansu ba bayan mun tashi, ko yabo ko zagi. Sai da na girma na gane cewa wannan shirun ma magana ce, kuma tana da nahawunta.

2. Nahawun sutura

Mu fara da kalmomin. Luwaɗi aro ne daga Larabci, kuma yana komawa ga mutanen Annabi Luɗu; kalmar shari'a ce da wa'azi, sunan laifi. Ba wanda ya taɓa gardama a ƙasar Hausa a kan hukuncin addini game da shi, kuma ba hukuncin ne ya sauya ba cikin tarihin da nake bayarwa. Daudu kuwa ba sunan kwanciya ba ne. Sunan yanayi ne da sana'a: tafiya, ɗaurin zane, fari da ido, girki. Ginin kalmar ɗan daudu irin na ɗan kasuwa ne, da ɗan dambe, da ɗan tauri, wato mutum da ƙungiyar da yake ciki. Ana yin daudu, ana kuma barin sa.

Kalma ta uku ita ce mafi muhimmanci a gare mu. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano tun daga farkon shekarun 1990 kuma ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa mazan da ke neman maza na kiran kansu masu harka, kuma da yawa daga cikinsu ba ƴan daudu ba ne ko kaɗan. Akwai waɗanda ake ce wa fararen hula, maza kamar kowa a shiga da magana. Abin da ya fi jan hankali cikin bayaninsa shi ne cewa auren mace da haihuwa abu ne da masu harka ke yi ko suke fatan yi, har da ƴan daudun kansu, ba su kuma ɗauke shi kishiyar harka ba. A duba waɗannan misalai:

(1) Yana harka.
(2) Ana harka da shi.
(3) Ya yi harka da, amma ya bari.

A jimla ta (1) abin da aka faɗa aiki ne mai ci, kamar yana noma ko yana shan taba. A ta (2) an yi amfani da lamirin nan da masu nahawu ke kira na huɗu, wato a, an, ana, wanda ke ba Bahaushe damar faɗin aiki ba tare da nuna mai shi ba. Ta (3) kuwa ita ce ke bayyana bambancin sosai, domin kalmar Faransanci ba ta karɓar irin wannan gini cikin sauƙi: bisexuel siffa ce da ke manne wa mutum, tana amsa tambayar «shi mene ne», alhali harka na amsa tambayar «me yake yi». Kalmar kanta fanko ce da gangan. Harkar kasuwa harka ce, harkar siyasa harka ce. Wanda ya sani ya ji, wanda bai sani ba ya wuce.

Daga nan za a ga dalilin rashin sunan. A inda aure ya zama wajibin kowane baligi, ba zaɓin zuciya kaɗai ba, samun mata ba ya rarrabe wani da wani. Mai harka da ke da mata biyu da ƴaƴa shida ba wani jinsi na uku ba ne da ke tsakanin biyu. Magidanci ne mai wani asiri. Turai ta buƙaci kalmar tsakiya ne saboda tun ƙarni na 19 likitocinta suka raba mutane gida biyu bisa sha'awarsu, sai aka rasa inda za a sa wanda ya shiga duka biyun. Hausa ba ta yi rabon farko ba, balle ta nemi na uku.

Akwai kuma dokar wanda ke da izinin faɗa, da yadda zai faɗa. Bahaushe na cewa «ni ne» a fili, amma a kirari: ɗan dambe, maharbi, ɗan tauri. Abin alfahari ake faɗa da bakin kai. Abin kunya kuwa hanyarsa habaici ne da zambo da gugar zana, inda ake harbi ba a kama suna ba, wanda ya tsargu kuma shi ya sani. Addini ya ƙarfafa wannan ta fuska biyu. Ta fuskar mai laifi, malamai na karantar da cewa bayyana zunubin da Allah ya rufa wani zunubin ne a kansa. Ta fuskar mai zargi, fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, daga Risala zuwa sama, na neman shaidu huɗu na gani da ido, wanda ya jefi wani bai kawo su ba kuma bulala tamanin ce hukuncinsa na ƙazafi. Wato sutura takunkumi ce a baki biyu: mai yi ba ya shela, mai gani ba ya kama suna.

Kada a ɗauka ina yabon wannan zamani ne. Suturar ba ta rufe kowa daidai ba. Attajiri ta rufe shi ruf, ɗan daudun tasha kuwa kullum a waje yake, shi ke shan jifar yara da kamun ƴan doka. Akwai kuma wadda ba a taɓa tambaya ba, wato matar gida. Lokacin da sida ta shigo a shekarun 1980, ita ce ta biya kuɗin shirun da ba ita ta ƙulla ba. Abin lura ne cewa ma'aikatan lafiya, da suka zo neman suna, ba su ɗauki bisexuel ba. Sun ɗauki HSH, maza masu saduwa da maza, wanda shi ma aiki yake faɗa. Ba su san sun koma ga nahawun Hausa ba.

3. Shekarun da baki ya buɗe

Babban taron ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya kawo ƴancin kafa ƙungiyoyi da na jarida. Gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara aiki daga 1994. Ribar wannan ba ta misaltuwa: talaka ya ji ana sukar minista da Hausa. Amma ƴancin magana ba ya zaɓen baki. A Maraɗi waɗanda suka fi kowa shirin amfani da shi su ne masu wa'azi, musamman na Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978 kuma ta bi hanyar fatake ta shigo, ta kan wannan titi na Ɗan Isa. Kaset da lasifika suka fitar da kalmar luwaɗi daga littafin zaure suka kai ta kasuwa. Lamirin ya sauya daga ana zuwa su: su wane, a unguwa kaza.

Sai shari'a ta zo gefen can. Gwamna Ahmad Sani ya yi shelarta a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Zamfara a Janairun 2000, Katsina da Kano suka bi baya cikin shekarar. Sababbin kundayen hukunci suka tanadi rajamu ga luwaɗi. Aka rufe mashayu da gidajen mata, mazaunansu suka watse, wasu suka yi Abuja, wasu suka tsallako. Firji, ƙauyen da ke bakin iyaka a ƙasar Ɗan Isa, ya yi suna a waɗannan shekaru a matsayin inda mata masu zaman kansu da masu giya da caca suka sauka, kuma masu zuwa musu da yawa daga jihohin shari'ar suke fitowa, su kwana su koma. Abin da gari ya saba ɓoyewa cikin lungunansa sai ga shi an tara shi wuri ɗaya, a fili, yana da suna a taswira.

Martani bai daɗe ba. A Nuwamban 2000, lokacin da Alphadi ya shirya bikin nunin tufafi na FIMA karo na biyu kusa da Yamai, zanga-zangar ƙin bikin ta rikiɗe tarzoma a Maraɗi: aka far wa mashayu, da rumfunan caca, da gidajen mata marasa aure, da wuraren bori, da na Kirista. Cooper ta yi nazarin wannan rana a 2003. Abin da ni nake gani a ciki shi ne cewa an yi bikin a nisan kilomita ɗaruruwa, mafi yawan masu tarzomar labarinsa kawai suka ji, amma waɗanda suka sha duka maƙwabta ne da aka shekara ana gaisawa da su. Hoto daga nesa, bulala a gida. Wannan tsari zai sake dawowa.

4. Ɗakin da ake cewa «ni ne»

A watan Satumban 1999, wata guda kafin shelar Gusau, wata tashar ƙasar Holan ta fara nuna Big Brother. Faransa ta yi nata, Loft Story, a 2001. A 2003 M-Net ta tara mutum 12 daga ƙasashe 12 cikin gida ɗaya a Johannesburg, majalisar Malawi ta hana nuna shirin, kotu ta soke hanin. Nijeriya ta yi nata a 2006, ta dawo da shi a 2017 da sunan Big Brother Naija. Zuwa lokacin tauraron ɗan adam da gidajen kallo, daga baya kuma wayar hannu, sun riga sun sa iyakar Ɗan Isa ba ta tare hoto, ko da an rufe ta ga buhun shinkafa.

Ga mai nazarin harshe, zuciyar irin wannan shiri ba tsiraici ba ne, ko da yake shi ake ta ƙorafi a kai. Zuciyarsa wani ɗan ɗaki ne inda ɗan takara ke zama shi kaɗai gaban kyamara yana faɗin cikinsa. Dokar wasan ita ce wanda ya ɓoye munafuki ne, wanda ya fallasa kansa shi ne na gaskiya, kuma ƴan kallo na saka masa da ƙuri'a. Shirin Secret Story, da TF1 ta fara a 2007, ya kai abin ƙarshe: kowa na shiga da asiri, wanda ya tono na wani ya ci kuɗi. A kwatanta da addu'ar da Bahaushe ya fi yi wa wanda yake ƙauna, Allah ya rufa asiri. Jimlar da ɗakin ke nema ita ce:

(4) Ni … ne / ce.

Wannan ginin kirari ne, aka cusa masa abin da a Hausa habaici kaɗai ke ɗauka. Kuma a lura, ni ba ya nuna jinsi, amma ne da ce na tilasta zaɓi. Ƴan daudu, da ke kiran junansu ke da ƙawata a tsakaninsu su koma kai gaban baƙo, sun daɗe suna wasa da wannan gurbi ba tare da sun tsaya a ɗaya ba. Kyamara ba ta son haka. So take a faɗa sau ɗaya, a naɗa, a ajiye.

Sau da yawa ɗalibai na ce mini ai a Turai kowa na faɗin abin da ya ga dama a waɗannan shirye-shirye. Ba haka ba ne. A Agustan 2016 aka fitar da ɗan wasan Ingila Christopher Biggins daga gidan Celebrity Big Brother bayan wasu kalamai, ciki har da sukar da ya yi wa masu neman maza da mata, cewa mutane ne da suka ƙi yarda da abin da suke, har ya ɗora musu laifin yaɗuwar sida. Shi kansa Biggins mai neman maza ne a bayyane. Wato ko a inda aka ƙirƙiro sunan, mai shi na shan zargi daga gefe biyu, kuma zargin na rashin tsayawa wuri ɗaya ne. Wata biyu bayan haka, a Oktoban 2016, ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga finafinan Hausa saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Kowane allo na da abin da ba ya ɗauka. Can an hukunta mai suka, nan an hukunta wadda aka gani.

A gefenmu ƴancin ya rabu ne ba daidai ba. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a fili ko shiga ƙungiyarta. Cikin watan nan taron jama'a ya yi ta jifar wata kotun shari'a a Bauci inda ake tuhumar wasu maza. Ɗan takarar da zai zauna a ɗakin nan a Legas ya cika jimla ta (4) da wannan batu, shaida ce yake bayarwa a kan kansa. Mai kallo kuwa, a rediyo ko a Facebook ko TikTok, yana iya kama sunan wanda ya so, ba shaidu huɗu, ba tsoron bulala tamanin. Daga takunkumin nan biyu na da, ɗaya aka kwance.

Nijar ta daɗe ba ta bi wannan hanya ba. Kundin hukuncinta na 1961, gadon Faransa, bai hukunta abin da baligai biyu suka yi a ɓoye ba, sai idan da wanda bai kai shekara 21 ba. Shugaba Bazoum ne ya bayyana a farkon 2023 cewa za a sake kundin don a hukunta shi. A 2024 hukumomin soja suka umarci Canal+ ta daina nuna shirin The Bachelor, inda ƴan mata ke takarar namiji ɗaya, bisa hujjar cewa yana zubar da darajar mace. Sai kundin 2025. A duk wannan muhawara da wuya a ji an ambaci tasha ko Firji; maganar ita ce abu ne na Turawa da allo ya kawo. Allo ya kawo suna da salon faɗa, wannan gaskiya ne. Mutanen kuwa Pittin ta same su a Katsina tun kafin Télé Sahel ta fara watsa shiri ga jama'a a ƙarshen shekarun 1970.

Mu koma ga mai fassararmu. Gidajen rediyon Hausa sun riga sun ƙera auren jinsi da neman jinsi daga kalmar Larabci, kuma sun karɓu. Don bisexuel wasu na cewa mata-maza, wanda kuskure ne, domin wannan sunan halittar jiki ne, kuma sa shi cikin dokar hukunci zai jefa marasa laifi cikin bala'i. Idan ya rubuta mai neman maza da mata, ya faɗi aiki, alƙali kuma zai nemi hujjar aikin. Idan ya ari kalmar Faransanci ya yi mata rigar Hausa, ya shigo da wani sabon abu cikin harshen, wato laifin da ake zama, ba wanda ake aikatawa ba, kuma a kan irin wannan jita-jitar unguwa ta isa shaida. Zaɓin na hannun ƴan kwamitin kalmomi, kuma da yawansu daga sashenmu suka fito.